Sanarwa kan gonakin bayan gari kafin a yanka fulotai

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayenmu da yayyenmu na wannan guruf barkanmu da warhaka.

Maganar gonakin nan ne na bayan gari da za a yanka fulotai bayan an cire amfani. Don Allah kar a sa gireda tukuna. Duk wanda ya taɓa huɗa a wajen ya san garma na tono tsingaro da kashin maƙera da duwatsun niƙa, ga kukoki sun yi cincirindo waje ɗaya ga wani tudu da ya miƙe kamar ragowar ganuwa, wannan ai alamun kufai ne, kuma in gireda ta bi ta kai sau ɗaya shikenan ba mai dawo da shi.

Misali, a Durɓi Takusheyi ta ƙaramar hukumar Mani a jihar Katsina tuddai ne kawai a fili, da aka haƙa a 1992 sai ga kaburburan sarakuna da zinare da wuri da awarwaron hauren giwa.

Shawarar kwamiti ita ce mu rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da sashen binciken kayan tarihi na ABU Zariya su zo su duba. Zagayawa za su yi a ƙafa su yi taswira su haƙa ƴan ramukan gwaji, inda ba komai a ci gaba da aiki, inda akwai a keɓe.

Kafin nan wanda ya tsinci wani abu kar ya wanke kar ya sayar, ya barshi inda yake ya ɗau hoto ya turo ma admin. Masu gonaki mu haɗu bayan sallar Juma'a a ƙofar gidan mai gari.