Godiya ga kulob ɗin damben da ya buɗe wa 'ya'yanmu mata ƙofa

Zuwa ga shugabar kulob da dukkan masu horarwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne domin iyayen 'yan mata masu buƙata ta musamman su san akwai inda ake koya wa 'ya'yansu damben boksin da gaske.

'Yata a keken guragu take. Ranar farko koci ba ta tsaya yi mana jaje ba. Ta fuskanci yarinyar kai tsaye, ta tambaye ta wane hannu ya fi ƙarfi, ina ke mata ciwo, me likita ya hana. Daga nan ta danne birkin keken, ta sassauto sarƙar buhun naushi daidai kafaɗarta, ta naɗe mata hannu da bandeji kafin ta zura mata safar hannu. Mai tsaye daga ƙafa da ƙugu yake samo ƙarfin naushi, wadda ke zaune kuwa sai ta murɗa jiki ta haɗa da kafaɗa, kuma a kan wannan kocin ta dage. In yarinyar ta sauke hannu ta bar fuskarta a buɗe, ana yi mata gyara kamar kowa, babu lallaɓawa. Wallahi wannan ya fi komai faranta min rai, domin mun gaji da tausayin da ke ajiye yaro a gefe yana kallo.

Na ga fitilar da kuke kunnawa tare da ƙararrawa don kurame su san turmi ya ƙare. Na ga koci tana tafa kushin hannunta, mai larurar gani na bin ƙarar tana kai naushi. Ajin da kuka ware babu kiɗa, saboda waɗanda hayaniya ke rikitawa, shi ma abin yabo ne. Kuma ba kwa haɗa kowa faɗa da wata sai da yardarta da ta likita.

Aikinku ba ƙarami ba ne. Mata ma ba su samu shiga boksin a gasar Olamfik ba sai a 2012 a Landan, inda Nicola Adams ta Birtaniya ta ci zinaren farko, kuma har yau babu boksin a wasannin Paralympics, wato Olamfik na masu naƙasa. Sashe na 30 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, ta 2006, ya ce suna da haƙƙin shiga wasanni kamar kowa. Ku kun ɗauko maganar daga takarda kun aiwatar.

Roƙona ɗaya: ku ƙara aji a ƙarshen mako, akwai iyayen da aiki ke hana su kawo yara a sauran ranaku. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi.

Taku,
Mahaifiyar ɗaya daga cikin ɗalibanku