A daina ƙona ganye a gindin mangwaro da lemo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in ja hankalin masu lambu kan wata ɓarna da ake yi da sunan tsafta: share ganyen da ya zuba a gindin bishiya a cinna masa wuta, a bi da kaftu mai zurfi.

Ƙasar da ke kewaye da saiwa cike take da fumfuna iri-iri, kuma ba duka ne cuta ba. Akwai wadda masana ke kira maikoraiza, mai shiga cikin ƙananan saiwoyi ta miƙa zaruruwa sirara zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Tana jawo wa bishiya sinadarin fosfaras da ruwa, ita kuma bishiyar ta ciyar da ita. Lemo ya fi dogara da ita, domin gashin saiwarsa kaɗan ne. Shi ya sa dashen lemon da aka rena a ƙasar da aka gasa yakan tsumbure. Akwai kuma Trichoderma, mai takura wa masu ruɓar da saiwa. Yawancin waɗannan fumfuna suna cikin santimita 30 na saman ƙasa, daidai inda wuta da fartanya ke sauka.

Gyaran ba shi da tsada. A shimfiɗa ganyen da ruɓaɓɓen taki, kaurin santimita 5 zuwa 10, har bakin inuwar bishiya, amma a bar tazarar santimita 20 daga kututture. A rage zabga takin sufa, domin idan fosfaras ya yi yawa bishiya takan daina karɓar maikoraiza. Don yawaita maikoraiza, mai renon dashe ya shuka dawa ko masara a ƙasar da ya ɗebo daga gindin lafiyayyar bishiya, bayan wata 3 ya daddatsa saiwoyin ya cakuɗa da ƙasar leda. Kabeji da alayyafo ba sa wannan aiki.

Kada kuma a bar ruwa ya kwanta jikin kututturen lemo. Nan wata ƙwayar cuta mai suna Phytophthora ke samun ƙofa, ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro. A yi kunya biyu a zagaye, a zuba ruwa tsakaninsu, kuma kada a binne wurin auren dashe.

Ina kira ga hukumomin bunƙasa noma na jihohi su sa wannan cikin horon malaman gona kafin daminar bana.

Naku,
Wani malamin gona, Zariya