Sanarwa Kan Sauke Labarai daga Shafukan Karatu

Assalamu alaikum, ƴan uwa marubuta. Wasu daga cikinku sun kawo kukan cewa sun wayi gari an sauke labaransu daga ƙananan shafukan da suke ɗora littattafai, ba tare da an gaya musu wanda ya kai ƙara ko babin da ake tuhuma ba.

Da yawa daga cikin waɗannan shafuka suna bin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, wato DMCA. Da zarar an aiko da ƙorafi, sai shafin ya cire labarin domin ya tsame kansa daga shari'a, tun kafin ya ji ta bakin marubucin. Sai dai dokar ta ba marubuci damar mayar da martani a rubuce, kuma idan mai ƙorafin bai garzaya kotu ba, ana dawo da labarin cikin ranakun aiki 10 zuwa 14. Wannan ne masu kula da shafukan ba kasafai suke bayyanawa ba, kuma a ganinmu sakaci ne, domin saƙo mai layi ɗaya da ke cewa an karya ƙa'ida bai isa bayani ba.

A sani cewa sunan mai martani da adireshinsa za su kai ga mai ƙorafin, don haka a yi shawara tukuna. Wanda abin ya shafa ya turo wa shugabannin rukuni hoton saƙon, kuma kada ya sake ɗora labarin, domin maimaitawa tana jawo rufe asusu baki ɗaya.