Bayan sallama daga asibiti, mai larurar ƙwaƙwalwa yana buƙatar aikin yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu kan wani ɓangare na kula da masu larurar ƙwaƙwalwa da ba a cika tattauna shi ba, wato halin da baligi yake shiga bayan likita ya sallame shi ya koma cikin iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin kashi 15 cikin 100 na manya masu shekarun aiki suna fama da wani nau'i na wannan larura, saboda haka maganar ta shafi magidanta da iyaye mata da masu sana'a, ba wasu 'yan tsiraru ba.

Magani yana kwantar da ciwon, amma ba ya mayar wa mutum da matsayinsa. A gidaje da yawa, da zarar marar lafiya ya dawo sai a shimfiɗa masa tabarma a kusurwa, a riƙa kai masa abinci, idan ya ɗauki tsintsiya a karɓe a ce ya huta. Ba a aikensa, ba a shawara da shi, ko da kuwa kafin ciwon shi ne ake jira ya yanke magana. Tausayi ne yake jawo haka, na yarda, amma wanda ya wayi gari babu mai jiransa a ko'ina, kuma babu aikin da zai tsaya saboda rashinsa, a hankali yakan daina ganin dalilin tashi daga kwance, daga nan kuma shan maganin ma ya gagara.

Wasu majinyata da aka sallama daga wani asibitin gwamnati a jihar New York ta Amurka sun fahimci wannan tun a shekarun 1940, suka fara haɗuwa domin taimakon junansu, har abin ya zama gidan Fountain House a 1948. Tsarin gidan ya cancanci a duba shi da kyau. Wanda ya shiga ana kiransa mamba, kuma ba a tilasta masa zuwa. Da safe mambobi da ma'aikata sukan zauna tare su raba ayyukan ranar: wannan zai amsa waya, wancan zai yi girkin rana, wata za ta shigar da lissafin kuɗi a kwamfuta. Da gangan ake taƙaita yawan ma'aikata, domin aikin ya zama ba zai yiwu ba sai da hannun mambobi. Idan aka kwana biyu ba a ga mutum ba, sai a kira shi ko a je har gida a gaishe shi. Abin da ya fi burge ni shi ne yarjejeniyar da gidan yake ƙullawa da kamfanoni: mamba zai yi aiki na wata shida zuwa tara a kan albashin da ake biyan kowa, ranar da jikinsa ya motsa kuwa ma'aikacin gidan ne zai je ya riƙe masa gurbin, don haka mai kamfani ba ya asara, shi kuma ba ya rasa aikinsa. A yau akwai irin waɗannan gidaje sama da 300 a ƙasashe fiye da 30.

Ba kowane aiki ne yake gyara mutum ba. A birnin Trieste na Italiya, likita Franco Basaglia ya tarar ana sa majinyata shara da wanki a asibiti ba tare da biya ba, da sunan magani. A farkon shekarun 1970 aka kafa musu ƙungiyar gama-kai, suka ci gaba da aikin a matsayin ma'aikata masu albashi, kuma a 1978 ƙasar ta yi dokar da ta buɗe hanyar rufe manyan asibitocin da ake tsare irin waɗannan mutane. Duk wanda ya ci gumin marar lafiya ya hana shi ladansa, zalunci ya yi, komai sunan da ya sa wa abin.

Na san akwai masu tsoron cewa wahalar aiki za ta tayar da ciwon, su ce a jira sai mutum ya warke sarai. Wannan jira sau da yawa ba shi da ranar ƙarewa. Wasu masu bincike, Robert Drake da Deborah Becker, sun gwada akasin haka a Amurka a shekarun 1990: a sama wa mutum aikin da yake so da wuri, sannan a ci gaba da tallafa masa yana bakin aikin, mai nema masa aiki da likitansa suna tuntuɓar juna. Gwaje-gwaje a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa masu samun aiki ta wannan hanya sun kai kusan ninki biyu na masu samunsa cikin waɗanda aka tsayar a dogon horon koyon aiki, kuma ba a ga kwanciyarsu a asibiti ta ƙaru ba. Aikin ba ya maye gurbin magani, tare suke tafiya.

Ina kira ga iyalai da su mayar wa ɗan'uwansu wani nauyi da zai iya ɗauka, ga masu sana'a kuma da su karɓi almajiri ko ma'aikaci mai wannan larura, su ba shi damar zuwa ganin likita ba tare da an yanke masa albashi ba. Hukumomin lafiya su sa neman aiki cikin shirin sallamar majinyaci. Ita kuma wannan jarida, ina roƙon idan ranar 10 ga Oktoba ta zagayo, wato ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, ta tattauna da waɗanda suka koma bakin aikinsu bayan jinya, da yardarsu, domin masu karatu su ji daga bakinsu.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku.