Gaisuwar Babbar Sallah daga Girinsboro ta Amurka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, barkanmu da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya karɓi layyar kowa. Muna nan lafiya ƙalau, ni da uwar yara da jikokinku, sai dai kewar gida da ta tashe ni tun kafin kiran salla. Awa biyar ce tsakaninmu da ku, don haka ina ɗaura alwalar asuba ku kun riga kun sauko daga Idi. Ina zuba ruwa ina lissafi a raina: yanzu Sarki ya hau, dogarai sun sako shi gaba, algaita na tashi har cikin Birni, yaran gidanmu kuma sun ɓace a cikin taro da sababbin takalma.

Mu namu Idin a wani babban zaure aka yi, wanda ake haya. An shimfiɗa darduma, ga mutanen Sudan, ga na Pakistan, ga Zabarmawanmu masu yawa a garin nan. Ana sallamewa rabin jama'a suka ruga wurin aiki, domin a Amurka yau ranar aiki ce kamar kowace. Ni dai na roƙi hutu.

Layya kuwa ba a yin ta a ƙofar gida. Wata gona muke zuwa a bayan gari, ka biya, a ba ka lamba, ka yanka, sannan inji ya daddatsa naman har ƙashi, a ƙulla maka a leda. Halal ne, alhamdu lillahi, amma Inna, wannan ba shi ne naman Sallah ba. Abin da idona ke nema shi ne raguna a banƙare kan sanduna, namu da na maƙwabta a jere, an kewaye wuta da su. Kitse na ɗiga yana cas-cas, hayaƙi ya cika lungu har ya shiga riguna, Baba yana zagayawa da buta yana cewa a juya wancan, gefensa bai samu wuta ba. A cikin gida kuma kina kan kaskon kayan ciki, kina korar mu da mara, mu kuwa ba ma nisa saboda hantar farko. Sai a kwana da su a rataye, washegari a sassara, a cika kwanoni, a aike mu gida-gida. Wanda aka aika gidan Gwaggo ya more, ba ya dawowa hannu sake, ko alkaki ko ƴan canji. A nan in ka hura irin wannan wuta a bakin titi, kafin rago ya yi gumi motar kashe gobara ta iso. Uwar yara ta gasa cinya a murhun kuran da yajin da kika aiko. Ya yi daɗi, Allah ya yi mata albarka, sai dai babu hayaƙi a jikinsa.

To bari in ba ku labarin abin da ya cinye mini sauran yinin, ku yi dariya. Gidan da muke haya yana da garejin mota a manne da shi, ƙofarsa ta ƙarfe ce, inji ke naɗe ta sama. Mai gidan ya ƙara mata wata ƴar na'ura da ke haɗa ta da intanet, ta yadda ko kana wani gari za ka duba salula ka ga a buɗe take ko a rufe, har ka rufe ta daga can. Kada Inna ta tsorata saboda yara: akwai idanu biyu a gindin ƙofar, kusan taƙi ɗaya daga ƙasa, da zarar wani abu ya gitta sai ta koma sama. Tun 1993 dokar ƙasar nan ta wajabta irin wannan kariya.

Na'urar dai ta daɗe tana mana wasa, yanzu tana nan, anjima ta ɓace. Yau muna tsaka da huɗuba uwar yara ta aiko saƙo daga sashen mata, wai mun rufe gareji kuwa? Na duba, salula ta ce ba ta ganin ƙofar. A cikin garejin nan kuwa akwai ƙofar shiga kicin. Ranar da ku kuke barin zaure a wangale kowa ya shigo ya ci, ni ina zaune a sahu hankalina na kan ko ƙofa ta rufu. A rufe muka tarar da ita, amma na ce yau sai na ga ƙarshen abin nan.

Inna, ki je ki duba tukunya, wannan ɓangaren na Auta ne, tunda shi ke kwance salula a Kasuwar Dole.

Auta, cire filogi a mayar ba magani ba ne, tana dawowa ta sake tafiya. Na hau tsani da babbar rigata, na ɗora salula daidai inda na'urar take a rufin gareji, na auna ƙarfin rezo. Ya nuna -78. Ka san lambar nan in ta wuce -70 ta nufi -80, rezo ya yi rauni, abu ya fara lalacewa. A tsakiyar falo kuwa ras yake. Ashe akwatin intanet ɗinmu yana can ƙarshen gida a bayan talabijin, tsakaninsa da gareji akwai bango, ga firji, ga tankin ruwan zafi, duk ƙarfe da ruwa, masu shanye rezo. Na ja waya na dawo da akwatin kan kanta kusa da kicin, awo ya koma -61.

Amma babbar matsalar ba nan take ba. Akwatin yana watsa rezo iri biyu, na 2.4 da na 5 gigahaz. Na 5 doki ne, ga gudu amma ba ya nisa, na 2.4 jaki ne, a hankali yake tafiya amma yana ratsa bango ya kai kaya har inda aka aike shi. Yawancin ƙananan na'urorin nan na 2.4 kaɗai suka sani. Sabon akwatin da kamfani ya kawo mana ya haɗe biyun a ƙarƙashin suna ɗaya, shi ke zaɓar wa kowa inda zai hau, wai don sauƙi. Salula ba ta damu ba, ita kuwa ƴar na'urar sai ta rikice. Na shiga saitin akwatin na raba su, kowanne da sunansa, na ɗaura ta a kan na 2.4, na mayar da makullin tsaron rezon zuwa tsohon samfuri, WPA2, domin sabon, WPA3, ya fi ƙarfinta. Sannan na duba tashoshin da rezon 2.4 ke bi. Uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11. Maƙwabta sun yi cincirindo a kan 6, sai na koma 11. Na kuma ware mata adireshi guda da ba ya canzawa. A ganina masu ƙera kayan nan ba su kyauta ba: su sayar wa tsoho abu su ce danna kawai, alhali sai ya san duk wannan.

Ƙananan abubuwa biyu suka rage. A jikin ƙofar akwai wani ɗan maƙale da ke faɗa wa na'urar ko an buɗe, pil ɗinsa mai kamar kwabo ne, volt 3, ya yi sanyi, na canza. Sai rimot na cikin mota, wanda ke ƙin aiki duk sanda fitilar gareji ke kunne. Shi ba ruwansa da intanet, rediyo ne a kan 315 megahaz, kuma ƙwan LED mai arha yana fitar da hayaniyar da ke toshe shi. Na sa wani ƙwan, ya saki. Wannan ka riƙe shi, zai yi maka amfani in wani ya kawo ƙarar rediyonsa na shuu da dare. Tun la'asar dai ba ta sake ɓacewa ba. Babbar rigar ce ta sha man inji a hannun dama, uwar yara ba ta ce komai ba tukuna.

A gaishe mini da Yaya Babba da iyalinsa, da Kawu na Mirya, da mutanen Magarya in sun shigo. A gai da Liman da ƴan zaure.

Gwaggo ta Garin Malam kuwa, Auta, kai da kanka za ka je, kada ka aika yaro. Ka durƙusa ka ce ɗanta na gaishe ta, yana tambayar gwiwa, ko tana shan maganin ko ta ɓoye shi ƙarƙashin katifa yadda ta saba. Ka faɗa mata babbar jikarta, takwararta, ta fara haddar Sabbi, kuma bakinta irin nata ne, ba ta barin bashin magana. Alkakin da ta aiko bara mun yi ta gutsura har ya ƙare, yara sun ce a ƙaro. Kilishi dai kada ta wahalar da kanta, ana ƙwace nama a filin jirgi. In ta fara kuka ka zauna har ta gama, sannan ka kira ni in ji muryarta.

A gai da mai ga-ruwanmu, a ba shi kaso mai kyau, ba ƙashi ba. A gai da abokaina na Zango, ban da wanda ya ci bashina, shi ya san kansa. Ƙannena mata duka ina gaishe su, da mazansu da yara.

Ɗan abin da na turo na goron Sallah yana hannun Yaya Babba, Inna ce za ta raba. Auta, gobe in ana sassara nama ka ɗauko mini bidiyo, ka matso kusa sosai, kuma ka tsaya inda rezo yake da kyau.

Wassalam.
Ɗanku na Amurka.