Yadda ƙuri'ata ta kusa salwanta a Kolorado

Jihar Kolorado, Amurka
17 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da Inna, da uwargida da yara. Na ji kun tashi daga Fagge kun koma sabon gida a Kumbotso, Allah ya sa a shiga a sa'a. Wannan tashin naku ne ma ya sa na zauna rubuto maka, don ni ma tashin gida ne ya kusa sa ni asarar ƙuri'ata.

Ka san bara na yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, saboda haka zaɓen 5 ga Nuwamba shi ne na farko gare ni a nan. Su ba su da hukuma ɗaya irin INEC. Kowace jiha da dokarta, kuma a jihar da nake ofishin magatakardan gunduma ne ke riƙe da rajista da ƙirga ƙuri'u. A Kolorado, tun 2013, duk mai rajista ta gidan waya ake aiko masa takardar ƙuri'a, wajen sati uku kafin ranar zaɓe.

Tsakiyar Oktoba maƙwabta duk suka samu tasu, ni shiru. Kullum na dawo aiki sai na buɗe akwatin wasiƙu, ba komai sai takardun talla. Da abin ya ishe ni na je ofishin da kaina. Wata dattijuwa mai tabarau ta buga sunana a kwamfuta, ta juyo min da fuskar na'urar, sai ga tsohon adireshina. Ashe da muka tashi a watan Yuni gidan waya kawai na sanar, alhali ita takardar ƙuri'a ba a bin mutum da ita sabon gida, mayar da ita ofis ake yi. Nan take ta gyara, ta ce tun da sauran fiye da kwana 8 za su sake aikowa. Ko sisi ban biya ba.

Da ta iso, Malam, ba ƙaramar takarda ba ce. Ban da shugaban ƙasa akwai 'yan majalisa, da alƙalan da ake tambaya ko su ci gaba da aiki, da dokokin jiha fiye da goma da ake so ka ce e ko a'a. Dare biyu muka yi ni da maman Khadija a kan teburin cin abinci, da shuɗin littafin da jiha ke rabawa, muna karanta hujjar masu so da ta masu ƙi. Wannan ya kwanta min a rai ƙwarai, mutum ya yi zaɓe a natse, ba rana, ba turereniya, ba mai leƙa masa hannu. Na liƙe ambulan, na sa hannu a bayanta, na jefa a akwatin ƙarfe da ke bakin laburare, wanda kyamara ke gadinsa dare da rana. Sharaɗin shi ne ta isa hannunsu kafin ƙarfe 7 na yammacin ranar zaɓe, hatimin gidan waya ba ya ceton wadda ta makara.

Na ɗauka an gama. Sai ga wasiƙa, wai sa hannuna bai yi daidai da wanda ke wurinsu ba. Gabana ya faɗi. A gida yatsa muke dangwalawa, na'urar BVAS ta tantance mutum. A nan sa hannu ne yatsanka. Na tuna wanda suke da shi na yi shi ne a gurguje a kan gilashin na'ura ranar da na karɓi lasin tuƙi, shi kuwa na ambulan na tsaya na rubuta cikakken sunana har da na mahaifina, don girman abin a zuciyata. Mutum biyu daga jam'iyyu daban-daban ne ke duba irin wannan, kuma doka ta ba ka har kwana 8 bayan zaɓe ka tabbatar kai ne. Ban jira ba. Washegari na ɗauki hutun awa biyu, na kai takardar da kwafin lasin. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wayata cewa an karɓi ƙuri'ar. A cikin mota na karanta shi, na daɗe ban tayar da ita ba.

Abin da ke ci min rai shi ne katin zaɓena na gida yana nan cikin jaka tare da fasfo. Ranar 25 ga Fabrairu, 2023 a waya na bi zaɓenmu, don har yau dokar Najeriya ba ta ba mu mazauna waje dama ba.

Kai da kake da damar, don Allah da zarar INEC ta buɗe rajista ka je a mayar da rumfarka Kumbotso, kai da uwargida. Ranar zaɓe ana hana zirga-zirgar motoci, ba ka isa Fagge da ƙafa. Aminu ma ya cika 18, ka tafi da shi.

Ka gaishe min da Inna, ka ce maganin ƙafarta na nan tafe hannun Alhaji a watan gobe.

Wassalam.
Naka,
Bashir