A fassara mana littafin Aristotal kan ɗabi'a

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yaba wani tsohon littafi da na gama karantawa kwanan nan, wato littafin masanin falsafa Aristotal Bagirke kan kyawawan ɗabi'u, wanda Larabawa suka fassara tun zamanin Abbasiyawa a Bagadaza. Mutumin ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma sai ka ce jiya muka zauna da shi a majalisa.

Abin da ya fi kama ni shi ne bayaninsa cewa halin kirki yana tsakanin gazawa da wuce gona da iri: jarumta tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Ina karanta wurin nan sai bikin ƙanwata ya faɗo mini, yadda muka ci bashi don gudun surutun dangi, muka shekara muna biya. Ya kuma ce da sabo ake samun hali, kamar yadda magini ke ƙwarewa da yawan gini.

Ra'ayinsa kan bayi da mata kam bai kwanta mini ba ko kaɗan. Duk da haka, littafin da babban malamin Musulunci Ibn Rushd na birnin Ƙurɗuba a Andalus ya zauna ya yi wa sharhi ya cancanci malamanmu na jami'a su mayar da shi Hausa.

Naka,
Mai karatu daga Zariya